Ma'aikatan Kawu Isuhu a Hatta

Tun da na dawo daga Dubai ban huta da tambaya ba. A gidan biki, a islamiyya, har a wurin niƙa, sai wata ta ja mini mayafi: "Zuwaira, ya Dubai? Kin hau dogon benen nan? Ina hotuna?" In na buɗe waya na nuna musu sai su yi tsit, don kusan duk hotunan na awaki ne. Wata ƙawata ma cewa ta yi ko dai ƙauye na je na ɓuya na dawo na ce Dubai. To ga labarin nan gaba ɗaya, in ba da shi sau ɗaya in huta.

Abu biyu ne suka kai ni. Na farko sana'ata. Ina sayar da abayoyi da mayafai daga ɗakina a Gwammaja, kuma na gaji da saro ta hannun mutane, ki ce a kawo miki ruwan toka a kawo miki ruwan ƙasa. Na biyu aiken Umma ne. Ƙaninta, Kawu Isuhu, ya daɗe a can bai leƙo gida ba. Da farko lodin kaya yake yi a wani sito a Al Warsan, da bayansa ya fara ciwo sai muka ji wai ya zama manajan gona. In ya kira waya yakan ce, "Bari in je, ma'aikatana na jirana." Mu kuwa a gida mun riga mun ajiye shi a ofis mai sanyi, kan kujera mai juyawa.

Umma ta ce, "Ki je ki gano mini shi da idonki. Ki gaya masa ya isa haka nan, girma ya fara kama shi, ya tattaro ya dawo." Ta haɗa masa kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji, da ƙullin daddawa da ya kai kan jariri.

Biza ta ja mini rai kafin ta fito. Da ta fito na bi jirgin da ke yada zango a Addis Ababa, kuma Allah ya haɗa ni kujera da wata dattijuwar 'yar kasuwa, Hajiya Laure, wadda ta ce tun ban iya ɗaura zani ba take zuwa Dubai. Tana jin zuwana na farko ne ta karɓe ni hannu bibbiyu, har fasfo ɗina ta so riƙe mini. Da muka sauka na wuce wurin duba takardu lafiya lau, na kalli na'ura ta kalle ni. Sai a wurin kaya wata jami'a ta ce in buɗe jaka. Tana zuge zif daddawar Umma ta yi sallama. Baiwar Allah ta ja da baya, ta ɗago ƙullin da yatsa biyu, ta tambaye ni wani abu da Larabci. Ni kuwa Larabcina na karatun allo ne, babu daddawa a cikinsa. Hajiya Laure ta matso, ta kwaikwayi tuƙa miya da hannu, ta lashi yatsa, ta ce, "Habibti, na miya ne, miya!" Jami'ar ta kira abokiyar aikinta, ita ma ta shinshina, suka kalli juna suka fashe da dariya. Aka mayar mini da kayana da sauri, ana "yalla, yalla," kamar mai korar kaji.

Masaukin Hajiya Laure a Abu Hail yake, wani fulat a hawa na uku da matan Kano da na Maraɗi suke haɗuwa a ciki. Gadaje masu hawa biyu ne, kuma da yake ni ce ƙarama, sama aka tura ni, daidai bakin na'urar sanyi. Na kwana da safa da hijabi biyu a ƙasar da aka ce mini zafinta na soya ƙwai. Buhunan kaya sun kai rufi, kowa na waya lokaci guda: "Kago ɗina bai fita ba! Ya ce bukra, jiya ma bukra ya ce!" Nan na koyi cewa bukra gobe ce, amma goben da ba ta gaggawar zuwa. A unguwar Satwa kuma na kai wa wani tela Ba'indiye samfurin abaya, na tambaye shi zai iya, sai ya kaɗa kai gefe da gefe. Na kwashe kayana zan fita cikin fushi, Hajiya Laure ta riƙo ni tana dariya. Ashe kaɗa kan nan "to" yake nufi.

Ban gama sanin kasuwa ba Kawu ya aiko a ɗauke ni. Na ci ado da sabuwar abaya mai duwatsu da takalmi mai tsini, don za ni wurin manaja. Ina saukowa na tarar da akori-kura shaƙe da buhunan dusa da damman ciyawa. Direban wani Bamaraɗe ne mai fara'a, Mahamadu, sabo a aikin kai abincin dabbobi, kuma shi ma bai taɓa zuwa Hatta ba. Can ne gonar take, wani gari a cikin duwatsu da ke ƙarƙashin Dubai amma ya yi nisa da birnin.

Muka bar benaye, muka shiga jan yashi, raƙuma na kiwo a bayan waya. A wani ɗan shago Mahamadu ya tsaya ya danna ham, sai ga mai shago ya kawo mana shayi har tagar mota, karak suke ce masa, mai kauri da madara da ƙanshin kayan yaji. Na ce a raina, a Kano ki danna wa mai shayi ham ki ga abin da zai biyo baya. Daga nan wayata ta nuna wata hanya da ta fi gajarta, na matsa wa Mahamadu ya bi ta. Ba mu yi nisa ba sai ga shinge da jami'ai. Ɗayansu ya duba fasfo ɗina, ya yi mana bayani cikin ladabi cewa hanyar ta ratsa wani yanki na Oman, 'yan ƙasashen yankin ne kawai ke bi, mu sai mu koma mu zagaya.

Mahamadu ya juya mota yana cewa, "Bon, Hajiya, saura ƙiris ki kai ni wata ƙasa da dusar mutane."

Na ajiye wayar a jaka ban ƙara ba da shawara ba.

Da la'asar muka isa. Gona ce 'yar madaidaiciya a gindin baƙaƙen duwatsu, da katangar dutse, da dabinai, da ɗan magudanar ruwa da ke ratsa ta, sai wani babban garke a gefe. Wani siririn dattijo ya fito da malafa da takalmin roba, gemu ya yi fari. Sai da ya yi dariya na gane Kawu ne, don dariyarsa irin ta Umma ce. Na durƙusa na gaishe shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda suka rasu bai ji ba. Da muka natsa na leƙa hagu da dama na ce, "Kawu, ina ofishin? Ina ma'aikatan?"

Ya ce, "Au, kina son ku gaisa?"

Ya sa yatsa biyu a baki ya yi fito. Daga bayan garke wasu karnuka biyu suka fito a guje kamar an harbo su. Ban san lokacin da na hau bayan motar ba. Har yau ban gane yadda na yi da takalmi mai tsini ba, amma na tsinci kaina a kan buhunan dusa ina salati. Ku da kuka san ni kun san tabon da ke ƙaurina, wanda karen maƙwabta ya bar mini tun ina yarinya. Ni ko a talabijin na ga kare sai na ɗage ƙafa.

Kawu ya ce, "Kwanta." Su biyun suka zube a ƙasa lokaci guda, suka ɗora haɓa a kan ƙafafu suna kallona.

Na ce, "Kawu, Hausa suke ji?"

Ya ce, "Duk faɗin Hatta mu uku ne muke jin Hausa. Yanzu da kuka zo ke da direba mun zama biyar. Sauko."

Macen, mai farin zane a fuska, sunanta Goshi, ta fara manyanta. Namijin baƙi ne wuluk, matashi mai rawar kai, shi ne Duna. Gonar ta wata tsohuwa ce, Ummu Rashid. Da mijinta ya rasu ta ƙi yarda a sayar da awakinsa, shi ne ɗanta ya sayo karnukan daga ƙasar waje don su taya kiwo. Da Turanci aka horar da su, Kawu kuwa Turancinsa na lodin kaya ne, sai ya zauna ya koya musu dama da hagu da "kawo su" da "bar ta," ya haɗa da fito. Na tambaye shi batun tsarki, don abin ya dame ni. Ya nuna mini rumfarsu can nesa da ɗakuna, da kwanoninsu daban, da kayan sallarsa da yake ratayewa daban. Ya ce karen kiwo ba na ado ba ne, ba sa shiga ɗaki, kuma su ma ba su da lokacin shiga.

A sashen Ummu Rashid aka sauke ni. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce mai ƙarfin murya, tana sa wani abin rufe fuska mai sheƙi da na ɗauka ƙarfe ne, ashe ƙyalle ne. Ba ta jin yarena, ba na jin nata, amma ba mu taɓa rasa hira ba. Ta zuba mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba, mai ɗaci ba sukari. Na daure na shanye don kunya, ta ƙara. Na shanye, ta ƙara. Sai da zuciyata ta fara bugawa kamar kalangu Kawu ya leƙo daga ƙofa ya ce, "Girgiza kofin, Zuwaira, in ba haka ba har gobe tana zubawa." A gida in baƙo ya ƙoshi rantsuwa yake yi a ƙyale shi, nan kuwa kofi ake kaɗawa.

Ta ba ni wani abinci na alkama da nama da aka tuƙa har suka zama abu ɗaya, kamar fate ya yi kauri ya wuce misali, da wasu 'yan ƙananan fanke da ake tsoma su a ruwan dabino. Ni ma na rama, na tuƙa tuwon shinkafa da miyar kuka. Kawu ya ci, idonsa ya cika da ruwa, ya ce wai yajin Umma ne. Ummu Rashid kuwa ta daɗe tana kallon miyar, ta ɗaga cokali ta ga tana yauƙi, ta yi bisimilla mai tsawo. Washegari na kama ta a madafa tana gutsurar daddawa tana jefawa a romon kifinta.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne lokacin kakarsu. Mu a gida in damina ta tafi sai girbi, a cika rumbu a huta. Su kuwa a lokacin ne zafi ke sassautawa, sai gari ya farka. An gama sauke dabino, ana shanya shi a tabarmi, ana tsince na ci da na matsewa. Ana gyara kwamin tumatir da ganye, ana sabuwar shuka. Itatuwan kurna sun yi fure, ƙudan zuma na ta hidima. Awaki da yawa cikinsu ya tsufa, ana jiran haihuwa. Ummu Rashid ta fito da kujerarta waje bayan watannin zaman ɗaki, tana ba kowa umarni da sandarta.

Kullum da safe nakan hau katanga, inda na tabbata kare ba zai kai ni ba, in kalli fitar garke. Kawu zai buɗe ƙofa, awaki su ɓarke kamar 'yan makaranta an tashi. Fito ɗaya mai tsawo, Goshi ta bi dama, Duna ya bi hagu, kafin ki ƙifta ido sun tattara su wuri guda. Goshi ba ta haushi, ba ta cizo. Sai dai ta sunkuya ta kafe akuya da ido, akuyar ta tuna ashe tana da wurin zuwa. Duna kuwa zumuɗi ya yi masa yawa, wani lokaci ya kora su fiye da kima, Kawu ya yi masa gajeren fito biyu, ma'ana ya bari ya dawo, ya dawo yana sunkuyar da kai.

Akwai wata tsohuwar akuya mai ƙaho ɗaya da Kawu ke kira Uwar Rigima. Ita kaɗai ce ke tsayawa ta kalli Goshi ido cikin ido. Ita ce kuma ta cinye mini rabin sabon mayafina a kan igiyar shanya, tana taunawa tana kallona kamar ni ce na shigo mata gida.

Wata rana muna tsince dabino Kawu ya ce, "Ke da kika fi yayyenki maza iya fito, gwada mana."

Na ce, "Rufa mini asiri. Tun ranar da kakarmu Iya ta make mini baki ta ce mace ba ta fito, aljanu ake kira, ban ƙara ba."

Ya yi dariya. Ganin ya saki jiki sai na isar da saƙon Umma, kalma ba ta canza ba. Ya daɗe yana juya dabino ɗaya a hannu. Can ya ce, "In na tafi wa zai yi wa karnukan nan Hausa?" Na yi dariya, amma shi bai yi ba. Ya ce shekarun da ya yi a sito ba wanda ya san sunansa, "kai, zo ɗauki" kawai. Nan kuwa in ya yi tari sai tsohuwar nan ta aiko da zuma. Goshi ta kusa ajiye aiki, Duna bai gama hankali ba. Na ce to me zan gaya wa Umma? Ya ce in bari tukuna.

Saura kaɗan in koma birni abin ya faru. Bayan azahar ne, rana tas, ba ko gajimare a kanmu. Awaki suna can cikin kwarin da ke ƙasan gona, wadi suke ce masa, busasshen rafi ne mai tsakuwa, suna cin ganyen kurna. Kawu ya hawo da karnukan don ya yi salla ya ci abinci. Mutumin da ke kula da dabinai ya shiga gari. Sai muka ji Ummu Rashid tana buga sanda a ƙofar ƙarfe tana ihu, "Wadi! Wadi!" Tana nuna duwatsun da ke can gabas. Samansu ya yi baƙi ƙirin.

Ni ban ga abin tashin hankali ba, ruwan da ke can nesa ina ruwanmu da shi? Amma Kawu ya watsar da kwano ya zabura. Yana gudu yana ce mini duk ruwan da ya sauka a duwatsun nan ta kwarin nan zai biyo, kuma ba ya sallama. A matakalar dutse da ke sauka bayan gona santsi ya kwashe shi. Na iske shi a ƙasa, ƙafa ta lanƙwashe, leɓe ya fashe jini na zuba. Ya yunƙura ya kasa tashi. Ya sa yatsa a baki, iska kawai ta fito da jini.

Ya ce, "Zuwaira, je ki kan falalen dutsen can. Ki ce musu kawo su. Kome za ki gani kada ki sauka kwarin. Kin ji ni? Kada ki sauka." Ya juya ga karnukan ya nuna ni, "Ku bi ta."

Na zura takalmin robarsa na tattare abaya na ruga, kare a dama kare a hagu, kafaɗunsu na gogar ƙafata. Kada wata ta ce tsoron ya tafi. Yana nan, sai dai wani ya danne shi. Da na hau dutsen na hango awakin a warwatse, hankalinsu kwance. Na ce, "Kawo su!" Muryata ta fito kamar ta mage. Goshi ta ɗago ta kalle ni, ta waiwaya inda Kawu yake, ta sake kallona. Na ƙara da ƙarfi, har da "don Allah." Sai ta tafi, Duna ya bi ɗaya gefen.

Gaskiya ba ni na yi aikin ba, su suka yi abinsu. Suka zagaye garken, suka matse shi, suka nufo da shi 'yar hanyar da ke hawowa. Masu ciki suna nishi, Goshi na binsu a hankali ba ta firgita su ba. A lokacin na fara jin wani ruri daga sama, kamar tirela na tahowa daga nesa, ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa alhali ko ɗigo bai sauka ba. Awakin farko suka wuce ni, na biyu suka wuce. Na fara hamdala, sai na hango ta. Uwar Rigima ta ɓalle ta koma tsakiyar kwarin, ta miƙe a ƙafafun baya tana cin kurna. Duna ya gan ta, ya juya ya koma.

Ruwan ya ɓullo daga kwana, ja kamar kunun kanwa, yana tura itatuwa da kututturen dabino a gabansa. Na yi ihu, "Duna! Bar ta! Bar ta!" Rurin ya haɗiye muryata. Yana can yana zagaya akuyar, ita kuwa ta sunkuyar da ƙahonta ɗaya tana kai masa tunkuyi. Ƙafata ta fara sauka da kanta, na tuna maganar Kawu na ja ta baya. Na cusa yatsa biyu a baki. Na farko miyau ne kawai. Na biyu iska. Na ce a raina Iya ki yafe mini, na naɗe harshe yadda nake yi ina yarinya, na busa. Ya fito, har kunnena ya yi ƙara. Na ƙara na biyu.

Duna ya tsaya cak. Ya kalli akuyar, ya kalli inda nake, sannan ya zuba a guje. Ruwan ya riske shi a gindin gangaren, ya ɗauke masa ƙafafun baya, ya juya shi. Ya kafa farata a tsakuwa, ya ja jiki, ya ja, ya fito. Da na sake duba tsakiyar kwarin babu kurnar, babu akuyar, ruwa ne kawai daga wannan gaɓa zuwa waccan.

Na zauna daɓas a kan dutsen. Duna ya hawo ya tsaya a gabana ya girgije jikinsa, ya wanke ni da ruwan laka tun daga goshi har abayar duwatsu. Ko motsi ban yi ba. Ya kwanta a gefena yana haki, ni ma ina haki. Da na samu na miƙe na koma gona, na tarar Goshi ta tara garken gaba ɗaya a bakin ƙofa, ta kwanta a bayansu, tana jiran mai hannu ya zo ya buɗe.

Wani maƙwabci ya kai Kawu asibiti. Allah ya taƙaita, targaɗe ne ba karaya ba, aka ɗaure ƙafar aka ɗinke leɓen. Ummu Rashid ta shiga garke da sandarta tana duba awakin fuska-fuska. Da ta gama ta ɗaga yatsa ɗaya a gefen kanta kamar ƙaho, ta kalle ni. Na girgiza kai. Ta ce, "Khalas," wato shi ke nan, ta ƙara da, "Alhamdulillah." Ni kuwa sai ga hawaye, a kan akuyar da ta cinye mini mayafi. Tsohuwar ta kamo kaina ta sumbaci goshina da lakar da kome, ta ja ni ɗaki ta sa aka kawo kasko, ta turara ni kamar amarya.

Haka komawata kasuwa ta sha ruwa. Na zauna ina fitar da garke safe da yamma, Kawu na kan kujera ƙafa a kan bokiti yana ba da umarni ta gefen baki. Sarin kayana Hajiya Laure ce ta yi mini ta waya, tana nuna mini mayafai ina zaɓa daga cikin garke, tana cewa, "Wai kukan me nake ji haka, 'yar nan?" A kwanakin ne awaki suka fara haihuwa, har na karɓi tagwaye da hannuna.

Ranar da muka kira Umma a waya mai hoto, tana ganin bandeji ta fara faɗa, ta yi ta yi har ta gaji. Kawu ya bari ta sauke, sannan ya ce, "Yaya, dawowa gaba ɗaya ba yanzu ba. Amma in aka gama haihuwar nan, ƙafa ta warke, zan zo hutu in yi miki azumi a gida." Ta ce in karɓi wayar. Ta tambaye ni tsakani da Allah yaya na gan shi. Na ce babu ofis, babu kujera mai juyawa, amma yana cin abinci, ana ganin girmansa, kuma yana dariya. Sai ta ce a gaya masa ya riƙa sa hula a ƙarƙashin malafar, rana ta ƙona shi.

Safiyar da zan tafi Ummu Rashid ta cika mini jaka da dabino da kwalbar zumar kurna. Ni kuma na ɓoye tsokar nama a leda, na ƙudura a raina yau zan yi abin da ban taɓa yi ba, in shafa kan Goshi mu yi sallama. Mahamadu ya iso yana danna ham. Na je bakin garke, na durƙusa, na miƙa hannu, na kira sunanta. Ta taso ta nufo ni a hankali. Daidai nan mai kula da dabinai ya zare sakatar ƙofa, awaki suka ɓarke, Kawu ya dogara sanda ya gwada leɓensa da ya warke, fito ya fita.

Goshi ta wuce ta ƙarƙashin hannuna kamar iska, ko gashinta ban taɓa ba. Duna ne ya ɗan rage gudu, ya fizge naman har da ledar, ya bi bayanta. Na rage a durƙushe, hannu a miƙe.

Kawu ya ce, "Kada ki ji haushi, Zuwaira. Sun shiga ofis."

Na shiga mota ina dariya ina share ido. Har muka sha kwana ina leƙe ta taga, Goshi kuwa tana can gefen dutse, ta sunkuya, ta kafe wata akuya da ido.